Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Labaran Siyasa Masu Harshen Damo

Tun zamanin da, masu hikima sun gane cewa akwai maganar da ba a faɗa wa mai mulki ido da ido. Wanda ya tsaya gaban azzalumin sarki ya kira shi azzalumi, yana iya kwana a kurkuku, ko ma ya rasa ransa. Amma wanda ya ba da labarin zakin da ya cinye rabon sauran namun daji, ya isar da saƙonsa, kowa ya gane inda ya dosa, kuma da wuya a sami hujjar kama shi. Daga wannan dabara aka sami wani reshe na adabi da ke nazarin mulki da rashawa da danniya ta bakin dabbobi, ko ta hanyar ƙasashen da babu su a taswira. Littafin da ya fi kowanne shahara a wannan fanni shi ne Animal Farm na George Orwell, wanda masu karatun Hausa suka sani da sunan Gandun Dabbobi. Da shi za a kafa misali a nan.

Mene ne labari mai harshen damo?

Labari mai harshen damo ƙagaggen labari ne mai fuska biyu. Fuska ta farko ita ce wadda ido ke gani: dabbobi a gona, ko wani sarki a wata ƙasa ta almara. Fuska ta biyu ita ce ainihin abin da marubuci ke nufi: wata gwamnati, wata jam'iyya, ko wani yanayi na tarihi da mutane suka rayu a cikinsa. Duk babban tauraro a labarin yana tsaye ne a madadin wani mutum ko wani rukunin jama'a, kuma manyan abubuwan da ke aukuwa suna bin sawun abubuwan da suka faru a zahiri.

Wannan ya bambanta shi da habaici, wanda jifa ɗaya ne a wuce. Labari mai harshen damo yana ɗaukar kwatancin tun daga shafin farko har na ƙarshe ba tare da ya saki ba. Ya kuma bambanta da littafin tarihi, domin bai damu da kawo kowace rana da kowane suna ba. Abin da yake nema shi ne ya fito da tsarin da abubuwa suka bi: yadda aka fara, inda aka karkace, da wanda ya amfana. Sharaɗin ingancinsa shi ne labarin ya tsaya da ƙafarsa. Yaron da bai taɓa jin sunan Rasha ba ya kamata ya karanta ya ji tausayin doki, ya ji haushin alade. Wanda ya san tarihi kuma ya sami ƙarin fahimta.

Me ya sa marubuta ke bi ta wannan hanya?

Dalili na farko shi ne kariya. A ƙasar da hukuma ke tace littattafai da jaridu, labarin dabbobi kan tsallake shingen da maƙala ba za ta tsallake ba. Mai mulkin da ya hukunta marubuci a kan labarin alade, ya amsa da bakinsa cewa shi ne aladen.

Dalili na biyu shi ne sauƙaƙawa. Tarihin ƙasa guda na shekaru talatin yana cike da sunaye da yarjejeniyoyi da rigingimun cikin jam'iyya waɗanda sai masana ke iya bi. Idan aka mai da ƙasar gona ɗaya, aka mai da tattalin arzikinta rumbu da madara da ƙwai, kowa zai ga wanda ya yi aiki da wanda ya ci.

Dalili na uku ya shafi zuciyar mai karatu. Mutumin da ke goyon bayan wani shugaba yakan toshe kunne da zarar an ambaci sunan gwaninsa. Labarin dabbobi yana shiga masa ta bayan gida. Yakan yanke hukunci a kan abin da alade ya aikata kafin ya farga cewa hukuncin ya hau kan wanda yake so. Ga kuma dariya, wadda ke rage kwarjinin mai mulki, alhali kwarjini na cikin manyan jarin azzalumi.

Hanyar tsohuwa ce. Littafin Kalila wa Dimna, wanda asalinsa daga Indiya ne, kuma Ibn al-Muƙaffa ya mai da shi Larabci daga Farisanci a ƙarni na 8, nasiha ce ga sarakuna ta bakin zaki da sa da diloli biyu. A ƙasar Hausa ma tatsuniya ta daɗe da raba wa dabbobi halaye: zaki da sarauta, kura da haɗama da wauta, dila da malanta da wayo, Gizo da zamba. Mawaƙan fada kan yi wa abokin hamayyar ubangidansu zambo ta hanyar laƙaba masa siffar dabba ba tare da kama suna ba. Saboda haka Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan salo.

Marubucin da abin da ya tunzura shi

Sunan George Orwell na yanka shi ne Eric Arthur Blair. An haife shi a Indiya a 1903, ya rasu a Landan a 1950. Daga 1922 zuwa 1927 ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka na Birtaniya a Burma, inda ya ga danniya daga ɓangaren masu yin ta, har ya tsani aikin ya ajiye. A ƙarshen 1936 ya tafi Sifaniya ya shiga yaƙin basasa a ɓangaren masu adawa da Janar Franco, kuma a 1937 harsashi ya same shi a wuya. A can ne ya ga yadda 'yan kwaminis masu biyayya ga Moscow suka juya kan abokan gwagwarmayarsu, suna kama su, suna kiran su maciya amana. Shi kansa da ƙyar ya tsere.

Orwell mai ra'ayin gurguzu ne, wato tsarin da ke neman a mallaki manyan hanyoyin samar da dukiya a tare domin amfanin kowa, amma gurguzun da ke tafiya da dimokuraɗiyya. Abin da ya dame shi shi ne yadda mutane da yawa a Ingila suka ɗauki Tarayyar Sobiyet ta Josef Stalin a matsayin aljannar ma'aikata, alhali mulkin kama-karya ne. Ya bayyana cewa tunanin labarin ya zo masa ne ranar da ya ga wani yaro ɗan kimanin shekara 10 yana kora wani ƙaton dokin amalanke, yana zabga masa bulala duk lokacin da ya nemi karkacewa. Sai ya yi tunanin cewa da dabbar ta san ƙarfinta, da mutum bai isa ya juya ta ba.

Ya rubuta littafin tsakanin ƙarshen 1943 da farkon 1944. A lokacin Birtaniya da Sobiyet ƙawaye ne a yaƙi da Jamus ta Hitler, don haka kamfanonin ɗab'i da dama suka ƙi karɓarsa, ciki har da Faber, inda mawaƙi T. S. Eliot ya rubuta takardar ƙin amincewa. Sai ranar 17 ga Agusta, 1945 kamfanin Secker and Warburg ya fitar da shi. Bayan shekaru 30, a 1975, Bala Abdullahi Funtua ya fitar da fassararsa ta Hausa, ya kuma raɗa wa taurarin sunayen gida. Da waɗannan sunaye za a yi amfani a nan, ko da yake bayanan labarin sun bi asalin na Orwell ne.

Labarin da tarihin da ke bayansa

Nomau manomi ne mashayi wanda ke wahalar da dabbobinsa. Wani tsohon alade, Dattijo, ya tara su ya bayyana musu cewa mutum ne tushen wahalarsu, domin yana ci ba ya samarwa. Bayan mutuwarsa, wata rana da aka bar su da yunwa, dabbobin suka yi bore suka kori Nomau. Suka rubuta dokoki 7 a bangon rumbu, waɗanda suka haramta kwaikwayon halayen mutum, suka hana dabba ta kashe 'yar'uwarta, suka kuma tabbatar da daidaito. Aladu biyu suka fito a matsayin jagorori: Ɗantulu mai fasaha da iya magana, da Maitumbi mai shiru da ƙulle-ƙulle. Ƙarshen labarin, Maitumbi ya zama abin da aka yi bore a kansa.

Nomau yana wakiltar Sarkin Rasha Nicholas na II, wanda juyin juya halin 1917 ya tumɓuke. Dattijo ya haɗa siffofin Karl Marx da Lenin. Maitumbi shi ne Stalin, Ɗantulu kuma Leon Trotsky, wanda aka kora daga ƙasar a 1929 aka bi shi har Meziko aka kashe a 1940. Karambana, aladen da ke iya mai da baƙi fari da bakinsa, shi ne kafafen farfaganda irin jaridar Pravda, wato masu tsara zance domin juya tunanin jama'a. Karnuka su ne 'yan sandan asiri. Akawal, dokin da ya fi kowa ƙarfi da biyayya, shi ne talakan ma'aikaci.

Abubuwan da suka faru ma haka suke. Injin iskar da dabbobin suka sha wuyar ginawa yana nuni da shirye-shiryen bunƙasa masana'antu na shekara biyar-biyar da aka fara a 1928. Boren kaji, waɗanda suka gwammace fasa ƙwansu da su miƙa shi, yana tuna manoman da suka yanka dabbobinsu maimakon su ba gonakin gwamnati, rikicin da ya kai ga yunwar 1932 zuwa 1933 wadda ta kashe miliyoyin mutane, musamman a Yukren da Kazakhstan. Taron da aka sa dabbobi suka amsa laifin da ba su yi ba, karnuka suka yayyaga su, shi ne shari'o'in Moscow na 1936 zuwa 1938. Cinikin katako da maƙwabcin da ya biya da jabun kuɗi sannan ya kawo hari, shi ne yarjejeniyar Stalin da Hitler ta 1939 da mamayar Jamus ta 1941. Liyafar ƙarshe ta aladu da mutane kuwa, taron Tehran ne na 1943, inda Stalin ya zauna da shugabannin ƙawayensa na yaƙi.

Yadda jagora ke rikiɗa ya zama azzalumi

Babban darasin littafin shi ne zalunci ba ya faɗowa rana ɗaya. Hawa-hawa ake gina shi, kuma kowane mataki yana zuwa da uzurin da ke kama da gaskiya.

Mataki na farko ƙaramin fifiko ne. Ranar farko ta 'yanci aka tatsi shanu, aka sami bokiti 5 na madara. Dabbobi suka tambayi yadda za a yi da ita, Maitumbi ya tsaya gaban bokitan ya ce a tafi girbi tukuna, aiki ya fi muhimmanci. Da suka dawo da yamma, babu madara. Daga baya aka gano cikin abincin aladu take shiga, tare da tuffa. Karambana ya yi bayani cewa aladu da ƙwaƙwalwa suke aiki, kuma idan suka gaza, Nomau zai dawo. Babu wanda ya ƙara magana. Orwell da kansa ya nuna cewa nan ne labarin ya juya, domin da dabbobin sun tsaya kai da fata a kan madarar, da sauran abubuwan ba su biyo baya ba.

Mataki na biyu shi ne mallakar ƙarfi a asirce. Maitumbi ya ɗauke 'yan kwikwiyo 9 daga iyayensu da sunan zai ilmantar da su, ya ɓoye su har aka manta da su. Ranar da Ɗantulu ya kusa rinjaye a muhawarar injin iska, sai ga karnuka 9 sun fito sun fatattake shi daga gonar. Tun daga ranar, hujja ta daina aiki.

Mataki na uku shi ne rufe dandalin shawara. Nan take aka soke muhawarar ranar Lahadi, inda kowace dabba ke da ƙuri'a, aka ce ɓata lokaci ce. Kwamitin aladu ne zai riƙa yanke hukunci a ɓoye, sauran su zo su karɓi umarni. Daga baya an yi zaɓen shugaban ƙasa, amma ɗan takara ɗaya ne tak.

Mataki na huɗu shi ne ƙirƙirar maƙiyi. Da guguwa ta rushe injin iska saboda bangonsa bai yi kauri ba, sai aka ce Ɗantulu ne ya shigo da dare. Daga nan duk abin da ya lalace shi ne, ko mabuɗi ne ya ɓace. Amfanin maƙiyin da ba a gani shi ne ba ya ƙarewa, kuma duk mai ƙorafi ana iya cewa yaronsa ne.

Mataki na biyar, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne sauya abin da jama'a ke tunawa. Dokokin bango suka riƙa samun ƙarin kalmomi cikin dare. Dokar da ta hana kwana a gado ta koma hana gado mai zanen shimfiɗa kawai. Wadda ta hana giya ta koma hana sha fiye da kima. Wadda ta hana kisa ta koma hana kisa ba da dalili ba. Wani dare dabbobi suka ji ƙara, suka fito suka tarar da Karambana a ƙasa kusa da karyayyen tsani, ga fitila, ga buroshi, ga gwangwanin farin fenti ya kife. Karnuka suka kewaye shi suka raka shi gida. Hujja ta bayyana a gabansu, amma in ban da tsohon jaki Aura, babu wanda ya fahimci abin da ya gani.

Matsayin rashawa a cikin wannan tsari

A irin waɗannan labarai, rashawa ba ta tsaya ga satar dukiya ba. Ita ce igiyar da ke ɗaure mabiya ga shugaba. Aladu suna samun giya da kwanan gida, karnuka suna samun abinci mai kyau, saboda haka duk wanda ke cikin da'irar ya san faɗuwar Maitumbi faɗuwarsa ce. Hatta Burtu, tsuntsun da ke yi wa dabbobi wa'azin wata ƙasar daɗi a bayan gajimare, wanda aladu suka ƙaryata da farko, daga baya sun bar shi ya zauna ba ya aikin komai, har suna ba shi rabon giya, domin zancensa yana kwantar da masu yunwa.

Rashawa kuma tana buƙatar ƙarya don ta rufe ramin da ta haƙa. Duk ranar Lahadi Karambana yakan karanto alƙaluma masu nuna cewa amfanin gona ya ninka, alhali cikin dabbobi na kuka. Da yunwa ta tsananta, aka cika ma'ajin hatsi da yashi, aka barbaɗa tsaba a sama, domin dillalin da ke zuwa daga gari ya kai labarin wadata. Filin da aka keɓe don tsofaffin dabbobi su huta bayan ritaya, aka nome shi aka shuka sha'ir na yin giya.

Ƙarshen Akawal ne ya tattara duk wannan. Ya yi aiki har huhunsa ya gaza, ya faɗi yana jan dutse. Aka sanar cewa za a kai shi asibiti. Da motar ta zo, dabbobi suka taru suna yi masa sallama, sai jaki Aura ya karanta rubutun da ke jikinta, ya ga ta mahaucin dawaki ce mai dafa ƙashi ya yi manne. Akawal ya yi ta dukan bangon motar da kofato, amma ƙarfin da zai iya fasa ta a da ya ƙare a wajen gina injin. Bayan 'yan kwanaki aladu suka sami kuɗin sayen akwatin giya.

Rawar waɗanda ake mulka

Orwell bai ɗora laifin duka a kan aladu ba. Ya nuna cewa azzalumi ba ya tsayawa sai da taimakon waɗanda yake zalunta, kuma ya rarraba su kashi-kashi. Akawal yana da ƙarfi da gaskiya, amma bai wuce haruffa huɗu na farko ba a karatu, kuma maganinsa ga kowace matsala shi ne ƙara himma da yarda cewa shugaba ba ya kuskure. Goɗi, goɗiyar da ke aiki tare da shi, tana jin a jikinta cewa an sauya dokoki, amma ba ta iya karantawa ta tabbatar, sai ta zargi tunaninta. Tumaki sun haddace take guda, suna rera shi da ƙarfi duk lokacin da wani ya buɗe baki zai yi tambaya. Aura ya iya karatu kamar kowane alade, ya kuma gane komai, amma ya zaɓi shiru da cewa babu abin da zai sauya. Ranar da ya yi magana, lokaci ya ƙure.

Wannan rarrabuwa tana nuna cewa jahilci da makauniyar biyayya da shirun masu ilimi, kowanne yana da rabonsa a ginin kama-karya. Tana kuma nuna dalilin da ya sa ilimi ke da muhimmanci a siyasa. Wanda ba ya iya karanta doka da kansa, dole ya karɓi abin da mai mulki ya ce doka ta faɗa.

Salon a hannun marubutan Afirka

Bayan samun 'yancin kai, ƙasashen Afirka da yawa sun ga yadda waɗanda suka kori Turawan mulkin mallaka suka gaji gidajensu da dokokinsu na danniya. Marubuta suka mayar da martani da ƙasashen almara. Wole Soyinka ya rubuta wasan Kongi's Harvest a 1965, game da shugaban da ke son ƙwace har darajar sarkin gargajiya. Chinua Achebe ya ƙirƙiri ƙasar Kangan a Anthills of the Savannah na 1987, inda wani soja ya hau mulki ya juya kan abokansa na ƙuruciya. Ahmadou Kourouma na Kwaddibuwa ya fitar da labarin Koyaga a 1998, maharbin da ya zama shugaba, wanda masu nazari suka danganta da Gnassingbé Eyadéma na Togo.

Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya rubuta nasa da harshen Gikuyu domin talakawa su karanta. An tsare shi a ƙarshen 1977 saboda wani wasan kwaikwayo, kuma a kurkukun Kamiti ya rubuta littafi a kan takardar bayan gida. A 2022 kuma NoViolet Bulawayo ta Zimbabwe ta fitar da Glory, inda dabbobin ƙasar Jidada suka ga an kawar da wani tsohon doki daga mulki, kamar yadda sojoji suka kawar da Robert Mugabe a 2017, sannan suka tarar magajinsa bai bambanta da shi ba.

Tasiri da martanin masu mulki

Yadda hukumomi ke ɗaukar waɗannan littattafai shi ne babbar shaidar ƙarfinsu. An haramta littafin Orwell a Tarayyar Sobiyet har zuwa ƙarshen shekarun 1980, amma mutane sun riƙa yaɗa shi a ɓoye. A Kenya, Ngugi ya ba da labarin cewa bayan fitowar littafinsa Matigari a 1986, jami'an tsaro sun shiga neman wani mutum mai wannan suna da aka ce yana yawo yana tambayar gaskiya da adalci. Da suka gano tauraron littafi ne, sai aka kwashe littafin daga shaguna a 1987. A Zimbabwe, jaridar Daily News ta riƙa buga Animal Farm kashi-kashi a 2001, kuma masu karatu ba su buƙaci a gaya musu wanda ake nufi ba. A Hong Kong, a 2022, kotu ta yanke wa mutum 5 ɗaurin wata 19 saboda littattafan yara game da tumaki da kyarketai.

Wannan misali na ƙarshe yana nuna cewa kariyar da salon ke bayarwa tana da iyaka. Gwamnatin da ta daina jin kunya ba ta damu a ce ta gane kanta a cikin labari ba.

Iyakokin wannan salo

Sauƙaƙawar da ke ba labarin ƙarfi ita ce kuma rauninsa. A gonar Orwell, an haifi aladu da wayo, an haifi tumaki da wauta, kuma babu mai sauya halittarsa. Mutane ba haka suke ba: talaka yana koyo, yana shirya kansa, yana kuma kawar da azzalumai, kamar yadda tarihi ya sha nunawa. Wanda ya ɗauki labarin a matsayin hoton jama'a na dindindin zai ƙare da raina talakawa.

Na biyu, ana iya karanta shi a matsayin hujjar cewa duk yunƙurin sauyi banza ne. Orwell ya musanta wannan fahimta. Abin da yake nufi shi ne sauyi yana amfani ne kawai idan jama'a sun kasance a farke, sun kuma san yadda za su sauke jagororinsu da zarar sun gama aikin da aka ɗora musu.

Na uku, kowane ɓangare na iya mai da labarin makami. A zamanin yaƙin cacar baka, hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta zuba kuɗi a asirce wajen yin fim ɗin zane na littafin a 1954, kuma aka sauya ƙarshensa. A littafin, dabbobi suna leƙe ta taga suna duban aladu da mutane a teburi ɗaya, sun kasa bambance su, wanda zargi ne ga 'yan kwaminis da 'yan jari-hujja baki ɗaya. A fim ɗin, dabbobi sun tashi sun kifar da aladu, kuma kason zargin da ya hau kan 'yan jari-hujja ya dushe. Littafin da ya yi gargaɗi a kan sauya rubutun bango, shi ma an sauya masa nasa.

Yadda ya kamata a karanta su

Sanin cewa Maitumbi shi ne Stalin yana da amfani, musamman ga ɗalibi, amma matakin farko ne kawai. Stalin ya mutu a 1953, Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, kuma har yau ana karanta littafin a ƙasashen da ba su taɓa yin kwaminisanci ba, domin matakan da ya bayyana ba su keɓanta da aƙida ɗaya ba. Ana samun su a mulkin soja da na farar hula, a jam'iyya da ƙungiyar ƙwadago, har a ƙaramar ƙungiyar unguwa mai asusu.

Saboda haka, mai karatu ya riƙa yi wa labarin tambayoyin da za su yi masa aiki a wajen littafi. Wane ne ya fara samun fifiko, kuma da wane uzuri? A hannun wa ƙarfi yake, kuma wa ke iya tuhumarsa? Ina ake yanke shawara, kuma wa aka hana shiga? Wa ake ɗora wa laifi duk lokacin da abu ya lalace? Abin da aka yi alkawari da farko, shi ne har yanzu a rubuce? Ya kuma guji saurin laƙaba wa abokin hamayyarsa sunan alade alhali ya keɓe nasa gwanin, domin wannan shi ne aikin tumaki a labarin. Wanda bai karanta Gandun Dabbobi ba ya neme shi, gajere ne, babi 10 kacal. Wanda ya karanta shi a makaranta don cin jarrabawa kuwa, ya sake karanta shi yanzu da yake da ƙuri'a a hannu.